Makuba a Ɗakin Rekiya

Warin fenti ne ya fara tarar Gwaggo Rabi'a tun daga zaure. Ta toshe hanci da bakin mayafinta, ta ƙi amsa gaisuwar da Ashafa ya durƙusa yana yi mata.

"Ina ɗakin?"

"Gwaggo, ki fara shan ruwa mana, ga rana ta..."

"Ba shan ruwa ya kawo ni Tudun Gwandara ba. Ɗakin da za ka ajiye min 'ya na zo gani."

Ashafa ya miƙe. An yi da shi sai an gama fenti sannan dangin amarya za su zo ganin ɗaki, su auna wurin gado da na sif. Baban Rekiya kuwa tun ranar da aka sa rana ya yanke magana. Yayarsa Rabi'a ce ta raini yarinyar tun rasuwar mahaifiyarta, saboda haka in ta ga ɗaki ta ce ya yi, a ɗaura aure. In ta ce bai yi ba, shi ba shi da ta cewa.

Sai da ya hango wanda ke biye da ita yana kaɗa makullin mota sannan ya gane dalilin wannan zuwan na ba-zata.

Luqman ne, ɗan ƙanin mijin Gwaggo, mai shagon fenti da tayil a titin Jos. Ya nemi Rekiya ta ƙi shi, har yau bai haƙura ba.

"Ango mai walda," in ji Luqman yana murmushi. "Kada ka ga laifina. Mutuminka ne ya zo shagona ya sa aka haɗa masa launuka, na ce kai, wannan abin mamaki ba zan gan shi ni kaɗai ba."

Tavershima mai fenti yana tsaye a ƙofar ɗakin da rola a hannu. Abokin Ashafa ne tun suna yara. Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Oga, wallahi ban san shi ne mai shago ba. Wannan mama ya yi fushi fa."

Gwaggo ta ture shi gefe ta sa kai ciki.



Sannan aka ji salatinta har tsakar gida.

Bango uku, launi uku. Na gabas shuɗi ne mai duhu kamar zanen da ya kwana a rini. Na wajen taga kore ne mai duhu kamar tsohon ganyen mangwaro. Na ƙurya kuwa makuba ne, jan nan da ya kusa komawa baƙi. Bangon ƙofa kaɗai aka bari da siminti. Gwaji ne Ashafa ya sa aka yi don Rekiya ta zaɓa, sai dai hoton waya ya ƙi nuna mata gaskiyar kowanne.

Gwaggo ta juyo, idonta ya kaɗa.

"Kai, zo nan. Mene ne wannan?"

"Fenti ne, Gwaggo. Ba a gama zaɓa ba."

"Zaɓa? A cikin me da me? Wannan baƙi, wancan baƙi, na can ma baƙi!"

"Ba baƙi ba ne, Gwaggo. Wannan shuɗi ne, wancan..."

"Ni za ka koya wa launi? Wannan ɗakin boka ne ko ɗakin amarya?"

Luqman ya leƙo yana dariya ƙasa-ƙasa. "Mama, ki bi shi a hankali. Mutumin da ya saba kallon duniya ta baƙin gilashi, ai komai fari ne a wurinsa. Ni dai abin da na sani, shekarata nawa ina sayar da fenti a Lafia, ban taɓa ganin angon da ya sayi irin wannan ba. Sauro ma kaɗai ya ishi mai ɗakin. Ga zafi."

"Ba da kai nake magana ba," in ji Ashafa.

"Ni ma ba da kai nake ba. Da uwata nake."

Gwaggo ta matso har Ashafa na jin numfashinta.

"Dalili nake so. Ka buɗe baki ka faɗa min dalilin da zai sa ka zuba min yarinya a cikin duhu."



Dalilin yana bakinsa, amma ba nasa ba ne. Rekiya zabiya ce, fara sol, kuma haske yana cin idonta. Ranar da ta fara zuwa rumfarsa ta walda a titin Doma karɓar murhun Gwaggo, ya miƙa mata baƙin gilashinsa don kada tartsatsi ya dame ta. Ta kara shi a ido, ta juya ta kalli titi, ta daɗe ba ta sauke ba. Ta ce ashe haka duniya take da sanyi. Shi ya san zafin da haske ke bari a ido, kamar an watsa yashi. Daga baya ne ta faɗa masa cewa farin ɗakin da take kwana a gidan Gwaggo kullum da ciwon kai yake tashinta. Ta kuma sa ya rantse ba zai taɓa bari Gwaggo ta ji ba.

"Ra'ayina ne kawai, Gwaggo," ya ce.

"Ra'ayinka."

Gwaggo ta yi wata dariya marar daɗi. Ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu.

"To bari in ba ka labarin da ba ka sani ba. Ranar da aka haifi Rekiya, kakarta ta wajen uwa ta leƙa ta gan ta, ta ce a kai ta ɗakin baya inda ake tara doya. Suka toshe taga da buhu, wai kada baƙi su gani. Ranar suna ma ba a fito da ita ba. Ni na shiga da ƙafata, na yage buhun, na goya ta, na ɗauki lema na zaga da ita kasuwar Lafia rumfa-rumfa, na ce ga 'yar ƙanena, duk mai magana ya yi a gabana. Tun daga nan na yi alkawari ba za ta sake zama a duhu ba. Kowace Sallah da hannuna nake shafa wa ɗakinta farin fenti. Yanzu kai, saboda kana jin kunyar a ga matarka, ka tanadar mata wani ɗakin doyar?"

"Gwaggo, wallahi tallahi ba kunya ba ce!"

"To mece ce?"

 

A lokacin ne aka ji ƙarar ajiye tire daga ƙofar kicin. Inna ce, mahaifiyar Ashafa, da take tsince gyaɗa tun shigowarsu ba ta ko ɗaga kai ba. Ita ma ba da son ranta aka sa ranar ba. Ta daɗe tana cewa ba za a haifa mata jikokin da ba sa iya zuwa gona ba, sai da kawunnan Ashafa suka taso daga Doma sannan ta yi shiru. Shiru kawai ta yi, ba yarda ba.

"Baiwar Allah," in ji Inna, "kin shigo gidan mutane ba sallama kina ta ɗaga murya. Gidan nan da mai shi."

"Au, ashe da mutum a nan? Na ɗauka turmi ne."

"Inna, don Allah," in ji Ashafa.

"Rufe min baki. Ni da na ga yaron nan yana shafa wannan abu, cewa na yi yau dai ya yi hankali. A sa ta a ciki a ja labule, mu ma mu huta da yaran unguwa suna bin mu suna Baturiya, Baturiya. Wanda ya kwaso abin kallo ai shi ya san inda zai ajiye shi."

Tavershima ya ajiye rola a hankali ya dafe kai.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Muryarta ma sauka ta yi.

"Alhamdu lillahi. Na gode da kika faɗa da bakinki. Luqman, tashi mota. Yau ɗin nan zan ce wa ubanta a mayar musu da kayansu."

"An gama, Mama," in ji Luqman da sauri. "Dama gidana na Bukan Sidi yana nan, fari tas, ga manyan tagogi. Rana har ƙarƙashin gado take shiga."

Ashafa ya sha gabanta ya zube a ƙasa.

"Gwaggo, ki yi wa Allah. Maganar Inna ba tawa ba ce."

"Taka wacce ce? Na tambaye ka ka ƙi faɗa. Ba ni hanya."

"Assalamu alaikum."

Duk suka juya.

Rekiya ce tsaye a bakin zaure, cikin dogon hijabi, da baƙin tabarau a fuska, kumatunta sun yi ja saboda rana. Keken da ya sauke ta yana juyawa a waje. Tana ganin Luqman ya ɗauki Gwaggo a mota ta san inda za su.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo. "Rekiya, ke ce a gidan miji kafin a kawo ki? Wace amarya kika taɓa ji ta zo leƙen ɗakinta? Juya!"

"Kin gani ko," in ji Inna. "Tarbiyya."

Rekiya ta durƙusa ta gaishe da Inna. Ba a amsa ba. Ta miƙe ta nufi ɗakin.

"In kika taka ƙofar nan, babu hannuna a jerenki," in ji Gwaggo.

Rekiya ta tsaya. 

"Gwaggo, ni na ce ya yi."

"Ke kika ce ya yi me?"

"Duhun. Ni na roƙe shi. Ni kuma na sa ya rantse ba zai faɗa miki ba. Ki daina zaginsa, alkawarina yake riƙe da shi."

"Ƙarya kike! Kare shi kike yi!"

"Gwaggo, kin tuna kina yi min faɗa wai ina kwana da zane a fuska kamar gawa? Kin tuna kina cewa na cika son jiki, da rana ta ɗaga sai in shige bayan sif in zauna? Ba son jiki ba ne. Bangon ne. In rana ta faɗa masa, ji nake kamar ana soka min allura a ido har cikin kai. In aka kawo wuta kika kunna min babban ƙwan nan, sai in ta ƙirga lokacin da za a ɗauke."

Hawaye suka zubo ta ƙarƙashin tabarau.

Gwaggo ta dafa bango. "Shekara da shekaru? Ki rasa wanda za ki faɗa wa sai mai walda?"

"Ta yaya zan faɗa miki? Kowace Sallah kina kan tsani da burushi, bayanki na ciwo, kina waƙa, kina cewa 'yata fara sai farin ɗaki. Ki sauko ki ce min, Rekiya, ya yi kyau? In ce miki me, Gwaggo? In ce abin da kika yi don kina sona shi ke sa ni kuka?"

"Wato ni na cuce ki."

"A'a, Gwaggo!"

"Ni na cuce ki. Na ciro ki daga hannun masu ɓoye ki, na kai ki inda zan makantar da ke."

"Ba ki sani ba ne. Ni na ɓoye."

Luqman ya yi gyaran murya. "Mama, wannan ai abu ne mai sauƙi. Labule mai kauri kawai za a sa, ba sai an mayar da ɗaki kabari ba. Ni zan iya..."

Rekiya ta juyo gare shi.

"Yaya Luqman, sau nawa ka zo zance wurina ka ce in cire tabarau don kana jin kunyar abokanka su ga kamar makauniya kake nema? Ka taɓa tambayata me ya sa nake sawa?"

Luqman ya mayar da makullinsa aljihu.

Rekiya ta kama hannun Gwaggo. Gwaggo ta fizge. Ta sake kamawa, ta ja ta har cikin ɗakin. Ashafa ya tsaya daga bakin ƙofa.

A tsakiyar ɗakin Rekiya ta cire tabarau.

Ta saba in ta cire sai ta runtse ido, ta karkata kai, ta kare fuska da tafin hannu. Wannan karon ba ta yi ba. Ta ƙifta sau biyu, ta buɗe idanunta gaba ɗaya, ta ɗaga kai tana bin bangon da kallo.

Gwaggo ta tsura mata ido. Ta kamo haɓarta ta juyo da fuskar wajenta.

"Ashe haka idonki yake da girma," ta faɗa, muryarta ta karye. "Irin na uwarki ne sak."

Suka rungume juna suna kuka. Tavershima ya juya baya yana goge ido da gefen rigarsa, ya shafa wa kansa kore a goshi bai sani ba.

Sai da kukan ya lafa Gwaggo ta share fuska da ƙarfi kamar mai jin haushin hawayen.

"To zaɓi. Tunda kin zubar min da mutunci kin zo, zaɓi mu gani."

Rekiya ta je gaban shuɗin ta daɗe. "Wannan ya fi kowanne sanyi a ido. Amma da magariba ta yi zai koma baƙi ƙirin, na san kuma Gwaggo ba za ta taɓa yarda ta zauna min a ciki ba."

"Ko a mafarki," in ji Gwaggo.

Ta matsa wajen koren, ta ɗan kauce. "Wannan yana sheƙi. Inda rana ta taɓa shi yana dawo min da ita."

"Fentin mai ne, madam," in ji Tavershima daga waje. "Shi kaɗai suka ce akwai."

Ta isa bangon ƙurya. Ta ɗora tafin hannunta a kai, farin hannu a kan makuba. 

"Wannan yana shanye hasken, amma bai kashe ɗakin ba. Ina ganin fuskar kowa. Wannan nake so."

"Launin katangar mutanen da," in ji Gwaggo tana taɓe baki. "Da ɓawon ɗorawa kakanninmu ke yin sa, ba su san wata rana za a saye shi a bokiti ba." Ta ƙara kallonsa. "Da farin zanen gado zai tashi. Ba don ya burge ni ba."

Ashafa ya saki numfashi. 

"Na gode, Gwaggo. Allah ya saka..."

"Dakata. Wa ya ce maka na gama?"

Gwaggo ta fito tsakar gida, ta mayar da mayafinta kafaɗa, ta nuna Inna da yatsa.

"Launi na yarda da shi. Kai ma na ga kana da riƙon amana. Amma kunnena ya ji abin da ya ji. Abin kallo aka kira min 'ya. Ba zan kawo ta gidan da za ta fito daga ɗaki ta tarar da wannan bakin kullum safiya ba. Ko dai uwarka ta tako har Sabon Pegi ta janye maganarta a gaban ubanta, ko kuma ka nemi wani wurin da za ka shafa makubarka. In babu ɗaya, babu aure."

Ashafa ya juya. "Inna..."

Inna ta ci gaba da tsince gyaɗa.

"Inna, kalma ɗaya ce. Ki ce ba haka kike nufi ba."

"Haka nake nufi."

Ya durƙusa a gabanta, ya kama ƙafarta. "Inna, ban taɓa roƙonki abu irin wannan ba. Tun rasuwar Baba ban taɓa tsallake maganarki ba. Ki dube ta fa, ba ta yi miki komai ba."

"Na dube ta. Unguwa ma duk za ta dube ta. Ni in taka in je ba wa wata haƙuri a kan maganar da na yi a gidan mijina? Sai dai a fasa. 'Yan mata sun ƙare ne a Doma?"

Luqman ya sake fito da makullinsa. "To Mama, kin ji dai. Mu tafi ko?"

Rekiya ta mayar da tabaraunta. Ba ta kalli Ashafa ba. Ta ce a hankali, "Kada ka saɓa wa mahaifiyarka saboda ni. Na ga ɗakin, ya ishe ni." Ta bi bayan Gwaggo, kafaɗunta na girgiza.

Ashafa ya daɗe a durƙushe. Sannan ya saki ƙafar Inna ya miƙe.

"Tavershima."

"Oga."

"Rufe bokitin makuban nan. Ɗakin da ke bayan shagon yayanka a Kilema, har yanzu babu kowa a ciki?"

"Babu kowa, Oga. Amma ƙarami ne fa."

"Zai ɗauki gado?"

"Zai ɗauka."

Gwaggo da Rekiya suka tsaya cak a bakin zaure.

Inna ta ture tiren, gyaɗa ta watse a ƙasa. Ta miƙe tsaye.

"Ashafa! Kai kaɗai gare ni namiji. Ubanka da hannunsa ya gina maka ɗakin nan. Wallahi in bokitin nan ya fita ƙofar gidan nan, kada ka sake sallama a kaina!"

Tavershima, da ya riga ya ɗaga bokitin, ya tsaya da shi a hannu. Ya kalli Inna, ya kalli abokinsa. A hankali ya mayar da shi ƙasa, ya ja da baya.

"Oga, wannan ba zan iya ɗauka ba."

"Na sani," in ji Ashafa. "Ba kayanka ba ne."

Hawaye na bin fuskarsa. Ya sunkuya ya kama hannun bokitin.

"Inna, gobe da safe zan zo gaishe ki. Ko ba ki amsa ba, jibi ma zan zo."

Ya ɗaga shi, ya ratsa tsakanin Luqman da bango, ya fita.